Me Ya Kawo Indiya Bisa Kwabon Kafanchan?

A gidaje da yawa na Kafanchan, da Kagoro, da Zonkwa, akwai gwangwanin da tsofaffi ke tara tarkace: maɓallai, makullan da aka manta ƙofarsu, da tsofaffin sulalla da ba sa sayen komai yanzu. In ka zazzage shi, da wuya ka rasa kwabon nan mai huji a tsakiya. Murza shi da babban yatsa, ka karkata shi wajen haske. In na zamanin Sarki Joji na Biyar ne, za ka ga an kewaye hujin da wannan rubutu: GEORGIVS V REX ET IND: IMP:. Latin ne, an gutsure ƙarshen kalmomin don su samu shiga. Abin da ake nufi shi ne Joji na Biyar, Sarki, kuma Sarkin Sarakunan Indiya.

Indiya ke nan, a kan kwabon da aka sayi ƙosai da shi a tashar jirgin Kafanchan.

Harsuna uku ne a jikin wannan ɗan ƙarfe. Latin ya ɗauki sunan sarki, Ingilishi ya faɗi darajar kuɗin, Larabci kuma ya maimaita ta a ƙarƙashin hujin: wahid peni a kan kwabo, nusfu peni a kan rabinsa, ushurin peni a kan ƙaramin cikinsu. Babu Hausa, babu Tyap, babu Jju, babu Hyam. Amma ba a taɓa jin wanda ya tsaya gaban mai gyaɗa ya ce a ba shi ta ushurin peni ba. Anini ake cewa.

Waɗannan haruffa shida na IND IMP suna da amfani ga mai son sanin shekarun kuɗi ko da lambobin sun goge. Kuɗin Sarki Edwad na Bakwai, daga 1907 zuwa 1910, da Ingilishi suka faɗi sarautar. Daga Joji na Biyar aka koma Latin. Indiya ta samu 'yanci a 1947, sai aka cire ta daga laƙabin sarki, don haka kwabon Joji na Shida da ba shi da IND IMP na 1949 ne ko bayanta.

A can Indiyar, masu tara tsofaffin kuɗi suna da aiki ja. Lokacin da Turawa suka tashi, akwai masarautu sama da 560 da ba Ingila ke mulkinsu kai tsaye ba, kuma da dama cikinsu sun buga kuɗin kansu, kowace da sunanta da lissafinta. Masarautar Kutch, a yammacin ƙasar, ba ta lissafi da rufi, kuɗin Indiya, sai da kori, kuma kori ɗaya dokda 24 ne. A Travancore, can kudu, kasu 16 ke yin cakram ɗaya, cakram 4 ke yin fanam, fanam 7 ke yin rufin masarautar. Cakram na azurfa ƙanƙane ne ƙwarai, har sai da aka sassaƙa allo mai ramuka don ƙirga shi: a zuba, a girgiza, kowane rami ya kama ɗaya, a san adadin ba tare da an tsinta da yatsa ba.

Yawancin kuɗin nan ba su da hoton kowa, saboda haka alama ake bi. Reshe mai ganye, Jaipur ne. Wuƙar nan mai mariƙi biyu da ake kira katar, tare da jinjirin wata da mashi mai baki uku, Kutch ne. Katantanwar teku, Travancore. Kuɗin Haidarabad na ƙarni na 20 suna ɗauke da ginin Charminar, kuma a cikin ƙofar ginin akwai harafin Larabci guda: mim in na Nizam Mahbub Ali Khan ne, ain in na Usman Ali Khan ne, wanda ya hau a 1911. Almajirin da ya iya babbaƙu zai raba su nan take, ko bai taɓa jin sunan garin ba.

Sai kuma shekara, wadda ita ce tarkon sabon shiga. Haidarabad da Hijira take ƙirga. Kutch takan sa biyu, ta Miladiyya a fuska ɗaya, ta Bikram a ɗayar, wadda ke gaba da kusan shekara 57. Wanda ya ga 1993 a kan kori ya ce sabon bugu ne, ya yi kuskuren fiye da rabin ƙarni: 1936 ce.

Wannan 1936 ɗin tana da daɗin labari. Sarki Edwad na Takwas ya hau a watan Janairu, ya sauka a Disamba saboda maganar aure, kuma Ingila kanta ba ta kai ga sakin kuɗi da sunansa a kasuwa ba. Amma inda ba a buƙatar hoton fuska, an riga an buga. Kutch ta buga, Jodhpur ta buga, haka ma hukumar kuɗin Afirka ta Yamma: kwabo, da rabinsa, da anini. Sarkin da mutanen Landan ba su taɓa sayen burodi da kuɗinsa ba, an sayi citta da shi a Kwoi. An buga su da yawa, don haka kada wanda ya tsinci ɗaya ya fara neman fili.

To, a nan ne hanyar Indiya da ta Arewa suka rabu. Turawa sun bar wa sarakunan Arewa kotu, da kurkuku, da baitulmali, amma babu sarkin da ya buga kuɗi da sunansa. Ba Sarkin Jama'a ba, wanda fadarsa ta dawo Kafanchan a farkon shekarun 1930, ba kuma Sarkin Zazzau ba, wanda Jama'a ke kai wa gaisuwa a ƙarni na 19. Ba a ma hana su wani abin da suka saba ba ne. Kafin Turawa, kuɗin kasuwa ba bugawa ake yi ba, daga teku yake zuwa.

Wuri ke nan. Mai kyan, ƙaramin, daga tsibiran Maldib yake, kudu maso yamma da Indiya. Daga baya, a tsakiyar ƙarni na 19, 'yan kasuwar Jamus suka yi ta jibgo wani iri mai ɗan girma daga gaɓar Zanzibar, har darajarsa ta zube. Indiyawa na kiransa kauri, kuma daga bakinsu Ingilishi ya ara. Wuri da kauri: kunne na son ya ɗaura musu aure, amma kamannin sauti kaɗai ba ya zama shaida a gaban alƙali. Abin da ya tabbata ya fi wannan daɗi. Jam'in wuri shi ne kuɗi. Duk wanda ya ce ya tura kuɗi ta waya, a nahawu cewa ya yi ya tura ƙwaryar dabbobin teku masu yawa. Kuma har gobe in jarida na son ta nuna girman adadi, sai ta ce wuri na gugar wuri har naira miliyan kaza.

Su ma Indiyawa sun yi ciniki da kauri, musamman a Bengal, kuma in mai jin Hindi zai ce ba shi da komai, cewa yake ba shi da ko fasasshen kauri. Mu kuma mu ce ko anini. Talauci a ko'ina da ƙaramin kuɗi yake rantsuwa.

A Tyap, harshen Atyap na ƙasar Zangon Katab, kuɗi kurum ne. Bahaushe ya ji sai ya yi murmushi, domin a wurinsa kurum shiru ne, ko kuwa "kawai". Harsuna biyu a kasuwa ɗaya, kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

Wuri yana da ƙirgarsa ta musamman. Biyar-biyar ake jan sa da yatsu a kan tabarma. Ashirin hauya ce. Ɗari zangu ne. Dubu ashirin kuwa keso, wato da sunan tsohuwar tabarmar da ake ƙunshe shi a ciki, kayan mutum ɗaya. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Keso guda, kayan da zai sa ɗan dako gumi daga Zangon Katab zuwa Kauru, dala takwas ke nan.

Hauya ta fi tsaya mini a rai. Kalmar da ke nufin wuri ashirin ita ce kuma sunan abin noma. A wannan yanki na kudu, inda ƙira ta daɗe (ƙauyen Nok, wanda sunansa ya zagaya duniya, yana ƙasar Ham ne), ƙarfen noma dukiya ne sosai, kuma a al'adun aure na ƙabilu da dama yana cikin abin da ake kai wa iyayen yarinya tare da awaki. Ban ce daga nan ƙirgar ta samo suna ba. Na dai lura cewa a ƙasar da hauya ke biyan sadaki, ba abin mamaki ba ne a ji ta a bakin mai ƙirga kuɗi.

Da kuɗin ƙarfe suka zo, wuri bai tafi salin-alin ba, sai da ya bar sunansa a jikinsu. Rabin kwabo, wanda aka fara bugawa a 1911, Hausawa suka kira shi ɗari. Ɗarin me? Ɗarin wuri, abin da ake ba ka in ka canza shi. Ƙaramin kuɗi da babban suna: yaro ya riƙe ɗari a hannu, amma ba ta kai kwabo ba. In ka bi lissafin sunan, kwabo wuri 200 ne, anini kuwa 20, hauya guda cif. Farashin canji ya bambanta daga gari zuwa gari, amma sunan ya daskare a kan wancan.

Ɗari tana da suna na biyu, sisin kwabo. Sisi rabin sule ne, sai aka ɗauke shi ya zama "rabi" kawai, aka liƙa wa kwabo. Shi ya sa "ko sisin kwabo" ya fi "ko sisi" zafi sau goma sha biyu, ga mai son lissafi.

Yanzu anini. An fara buga shi a 1907, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, domin Turawa sun gane cewa kwabo ya yi wa cefanen yau da kullum girma, kuma muddin babu ƙaramin canji, wuri ba zai bar kasuwa ba. Na farkon da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure gumi da damina ba, sai a 1908 aka koma farin ƙarfe mai haɗin tagulla da nikel. Mai gwangwani ya lura: in aninin ya yi sakayau a hannu kamar ba komai, ya duba shekarar da kyau.

Daga ina sunan? Ga zato na farko, wanda ya fi daɗin faɗa. A Indiya akwai ana, kashi ɗaya cikin goma sha shida na rufi. Gwamna Lugga kansa a Madras aka haife shi a 1858, kuma shi da hafsoshinsa da yawa sun yi aiki a Indiya kafin su zo nan. Kalmomi sun biyo su, wannan ba shakka: daba ta Hawan Daba daga darbar take, kalmar Farisa da sarakunan Indiya ke kiran zaman fada da ita. In darbar ta iya zama daba, me zai hana ana ta zama anini?

Lissafi ne ke ɗan hanawa. A 1907 rufi na tsaye ne a kan sule ɗaya da kwabo huɗu, wato kwabo 16. Ana ɗaya kwabo ɗaya ce daidai. Baturen da ya saba da Indiya, in zai kira wani kuɗi ana, kwabo zai kira, ba ushurinsa ba. Ƙaramin kuɗin Indiya da ya yi kusa da anini shi ne pai, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na ana. In dai sunan daga can ya zo, to ya sauka a kan kuɗin da ba nasa ba.

Zato na biyu yana cikin gida. Anini a Hausa maɓalli ne kuma, na riga, jam'insa aninai. Ɗan ƙarfe zagayayye, mai huji, mara nauyi: duk telan da ya gan shi ya san da me ya yi kama. Sai dai a nan ma tambayar juyawa take, ko maɓallin ne ya ba kuɗin suna, ko kuɗin ne ya ba maɓallin. Ma'ana ta uku kuwa ba ta da wuyar bi. Hafsan soja ko na 'yan sanda mai anini biyu a kafaɗa, taurari ne yake ɗauke da su, kuma bayan aninin kuɗi tauraro ne mai tsini shida. Ni dai na fi karkata ga tela, ko da yake labarin Indiya ya fi armashi a zaure.

Akwai inda anini ya samu mafaka da ba ruwanta da kasuwa. A majami'un Kagoro, da Kwoi, da Kafanchan, inda ake karatu da Hausa tun zamanin 'yan mishan, labarin gwauruwar da ta ba da baikonta na ƙarshe da anini ake faɗarsa. A Helenanci sunan kuɗin lepton, mafi ƙanƙanta a ƙasar Yahudiya. Masu fassara suka nemi abin da mai sauraro zai ji ƙanƙantarsa a jikinsa, suka ɗauko anini. Yaran da ba su taɓa ganinsa ba suna jin sunansa ranar Lahadi.

Sauran sunayen jirgin ƙasa ne ya kawo yawancinsu, ko aƙalla ya baza su. Kafanchan garin reluwe ne. Wajen 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu a nan da na Kaduna, wani reshe kuma ya haura Jos wajen ma'adinan kuza. Ƙasar Fantswam ta cika da ma'aikata Ibo da Yarbawa, da 'yan kasuwa Hausawa, da masu neman kuɗin haraji daga ƙauyukan kewaye, domin haraji da kuɗin Bature ake biya, kuma ba a samunsu sai a wurin lebura, ko haƙar kuza, ko sayar da amfanin gona. A irin wannan taro Hausa ce harshen ciniki, amma sunayen kuɗin sun riga sun sha ruwan gaɓar teku kafin su iso.

Kwabo daga copper yake, sunan jan ƙarfe a Ingilishi, domin penin Ingila da aka saba gani a Ikko ja ne. Abin dariyar, kwabon da ya iso Arewa a 1907 fari ne tas. Sai a 1952 aka koma buga shi da jan ƙarfe, sunan ya yi shekara arba'in da biyar yana jiran kuɗin ya cim masa.

Taro kwabo uku ne, Yarbawa na cewa tọrọ. Sisi kwabo shida, a bakinsu ma sisi. Nai kwabo tara. Uku, shida, tara na Ingilishi ne suka sha tauna har suka yi laushi. Ahu kuwa, ko afu, kwabo ɗaya da rabi ne, daga half.

A nan mai tarawa zai yi haƙuri. Zai samu taro, zai samu sisi, amma ko ya zazzage gwangwanayen Kudancin Kaduna kaf ba zai samu ahu ba, ba zai samu nai ba. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, da aka kafa a 1912, ba ta taɓa buga su ba. Sunaye ne na farashi, ba na ƙarfe ba: ahu kwabo ne da ɗari, nai sisi ne da taro. Duk da haka tsofaffi na faɗarsu kamar abin da suka taɓa jefawa a aljihu, har a ce taro da ahu, wato kwabo huɗu da rabi.

A takardun haraji da na kanti, harafin d ake sa wa kwabo: 3d, 6d. Ba daga peni yake ba, ba daga copper ba. Denarius ne, kuɗin Rumawa, wanda ya bi ta wata hanyar ya zama dinar a Larabci, ya iso mana a matsayin dinari. Malamin da ke lissafin rubu'in dinari na sadaki da akawun da ke rubuta 1d a rasit, kakan kalmarsu ɗaya, sai dai ɗaya ya gaji zinariya, ɗayan ya gaji canjin ƙosai.

Sule daga shilling ne, kwabo goma sha biyu, kuma jam'insa sulalla shi ya zama sunan duk kuɗin ƙarfe. Bakin Bahaushe ya murɗa kalmar har ta faɗa kan sunan mutum, Sule, wato Sulaimanu. Ga kuma tauraron nan mai tsini shida, wanda malamai suka sani da hatimin Annabi Sulaimanu, wanda Lugga ya sa a tutar Najeriya ta 1914. Da an shirya abin, da a kan sule za a same shi. Ina! Bishiyar kwakwar manja ce a kan sule. Hatimin yana kan kwabo, da ɗari, da anini.

Sule biyu yana da suna biyu, kuma dukansu baƙi ne masu dogon tarihi. Fataka daga pataca take, sunan da Fotugis ke kiran babbar azurfa da shi, kuma har yau sunan kuɗin Makau ne a kudancin Sin. Mutumin Zangon Katab, garin da sunansa ma zangon fatake ne, zai so ya ce kuɗin fatake ne. Ba haka ba ne: tilon fatake farke ne ko falke, ba shi da haɗi da azurfar Fotugis. Amma kamannin ya taimaka wa baƙuwar ta zauna daram kamar 'yar gida.

Dala, suna na biyun, ta fi nisan tafiya. A farkon ƙarni na 16 an buga wata babbar azurfa a kwarin Joachimsthal na ƙasar Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Aka gajarta sunan ya zama taler, ya zama daler, ya zama dalar Amurka, ya zama dala. Wadda ta iso ƙasar Hausa ta hamada ita ce mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda mata ke ratayawa a wuya, ana kuma ce mata liyari, daga riyal na Larabawa, su kuma daga real na Sifaniya.

Kusan duk wadda ka gani, 1780 ce a jikinta. Ba shekarar bugu ba ce, shekarar rasuwar sarauniyar ce. 'Yan kasuwar Habasha, da Yaman, da Sudan sun ƙi karɓar wadda aka sauya wa ko ɗigo, sai aka ci gaba da buga ta haka a Biyana, daga baya har a Landan, da Paris, da Rum, da Bombay lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Masu tara kuɗin Indiya sun san wannan ciwon kai sarai. Masarautu da yawa sun yi ta buga sunan Sarkin Mughal Shah Alam na Biyu bayan rasuwarsa a 1806, kuma Kamfanin Turawa na Gabashin Indiya ya daskarar da shekara ta 19 ta sarautarsa a kan rufinsa na Bengal na tsawon shekaru. Saboda haka in wani ya kawo maka liyari ya ce ta haura shekara ɗari biyu, ga shaida a rubuce, ka yaba kyanta, ka auna nauyinta, ka bar maganar shekara.

Wanda ke da gilashin ƙara girma zai ga wasu ƙananan haruffa a ɓoye a jikin kuɗin Afirka ta Yamma. H na nufin masana'antar Heaton ta Birmingham. KN na nufin King's Norton, ita ma a can. SA Pretoriya ce ta Afirka ta Kudu. In babu harafi, gidan buga kuɗi na gwamnatin Ingila ne. Sau da yawa wannan ɗan harafi, haɗe da shekara, shi ke raba kwabon da ake samu ko'ina da wanda masu tarawa ke nema. Kada kuma a wanke da toka da lemon tsami don ya yi ƙyalli. Gogaggen tsohon kuɗi darajarsa faɗuwa take yi.

Ƙarfen ma yana ba da labari. Sule da fataka na 1913 azurfa ne. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1920 aka koma wani rawayan ƙarfe mai arha, wanda maƙeri mai wayo zai iya zubawa a gida. Aka kuwa zuba. Ƙasar Ijebu ta yi ƙaurin suna a kan haka a wancan zamani, har Hausa ta samu kalmar jabu. Ba adalci ba ne ga gari guda ya ɗauki laifin sana'ar da aka yi a wurare da yawa, kuma yau mai cewa jabun magani ko jabun takarda ba ya ma tuna akwai gari a ciki. A 1938 hukuma ta fito da sabon sule mai tsagi a kewayen gefensa, wanda ke da wuyar kwaikwayo. Mai tarawa da ya samu jabun sulen wancan lokaci kada ya yar: aikin hannun maƙerin gida ne, kuma ya fi na gaske wuyar samu.

A 1959 Babban Bankin Najeriya ya fitar da kuɗin ƙasa na farko. Fuskar ta canza, sunayen ba su motsa ba: taro mai kusurwa goma sha biyu da auduga a bayansa, sisi da koko, sule da kwakwa, fataka da gyaɗa, kwabo da ɗari kuma da hujinsu da tauraronsu.

Ranar 1 ga Janairun 1973 ce ta zo da naira, ta kuma ɗauki kobo daga bakin kasuwa ta mai da shi sunan hukuma. Sule ya zama kobo goma maimakon goma sha biyu. Sisi ya koma kan kobo biyar, ya daina zama shida ko da sunansa na cewa haka. Taro ya faɗa kan kobo biyu da rabi, ya shiga sahun ahu da nai, suna ba ƙarfe. Dala kobo ashirin ce, ita ma ba a buga ta ba. Abin da aka buga shi ne kobo 25, kuma a bayansa aka zana dalar gyaɗa ta Kano, wadda ita daga Dutsen Dala ta samo suna, ba daga Bohemiya ba. Dala a kan kuɗin da ba dala ba.

Manyan sunayen sun fi jurewa. Fam naira biyu ce, kuma an daɗe a kasuwannin dabbobi ana ciniki da fam bayan ta bar banki. Jaka fam ɗari ce, cikin jakar da banki ke ɗaure sulalla, sai ta koma naira 200. Ƙetara iyaka zuwa Maraɗi, lissafin ya sake. A can dala sefa biyar ce, domin babbar azurfar Faransa ta faran biyar ce ta gaji sunan, kuma da ita ake ƙirga komai. Jika sefa dubu ce, dala 200. Mai citta daga Kachiya da ya kai kaya can, in aka ce masa dala ɗari, sefa 500 ake nufi, kuma gara ya ninka da biyar a zuci kafin ya ce albarka.